Kukis Mai Ciki: Biscoff Za Ki Ɗura, Nutella, Ko Tunkuzar Gida?

Duk wadda ta sayi kukis mai ciki, kafin ta kai baki sai ta raba shi gida biyu ta leƙa. Ba ruwanta da gefen da kika ɓata lokaci kina gyarawa, tsakiyar take nema. In ta ga abu mai laushi ya ɗan zubo, sai ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp, washegari ƙawarta ta kira ki. In kuwa ta tarar da rami, ko wani dunƙule busasshe kamar kwantan ƙuli-ƙuli, ba za ta ce miki uffan ba, amma odarta ta ƙare daga ranar. Saboda haka kafin a yi maganar fulawa ko bota, sai a fara yanke shawarar abin da za a ɗura a ciki. Ni dai abu huɗu na gwada a kicin ɗina: botar biskit ta kwalba wadda aka fi sani da Biscoff, irinta da ake haɗawa a gida, Nutella, wato cakulan ɗin kwalba da ake shafawa a burodi, sai kuma markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wato tunkuzarmu. Kowanne da halinsa a cikin wuta, kuma halin nan ya fi ɗanɗanonsa a cokali muhimmanci.

Kukis ɗin da nake ɗura wa ciki mai ɗigon cakulan ne, shi kansa kuma ɗan Amurka ne. Wata mata mai suna Ruth Wakefield, mai gidan abinci da ake kira Toll House a garin Whitman na jihar Massachusetts, ita ce ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1930, inda ta sassara sandar cakulan ta Nestlé ta zuba a kwaɓin biskit. Botar biskit kuwa 'yar Beljiyam ce. A can suna da wani biskit mai ruwan ƙasa da suke kira speculoos, wanda a al'ada ake gasawa lokacin bikin Saint Nicholas a farkon Disamba. Kamfanin Lotus, da aka kafa a ƙauyen Lembeke a 1932, shi ya mayar da biskit ɗin abin da ake ajiye wa mutum a gefen kofin kofi, daga baya ya raɗa masa suna Biscoff. Tun da daɗewa mutanen can kan sa biskit ɗin a tsakiyar burodi mai bota su ci, kamar yadda yaranmu ke tsoma biskit a shayi har ya narke. A 2008 Lotus ya fara sayar da shi a markaɗe cikin kwalba, bayan dabarar ta yi fice a wani shirin talabijin na masu ƙirƙira. Da ya isa Amurka, kantunan Trader Joe's suka fito da nasu, suna ce masa botar kukis, masu gashi kuma suka ga ai babu abin da zai hana a cusa biskit a cikin biskit.

Na kawo wannan tarihin ne don abu ɗaya. Abin da ke cikin kwalbar nan biskit ne da aka niƙa lukui a cikin mai, da ƙarin suga. Fiye da rabinsa biskit ne, sauran mai ne da suga, babu ruwa, babu madara. Rashin ruwan nan shi ne sirrinsa. Duk abin da kika ɗura a kukis in yana da ruwa, zafin obin zai mai da ruwan tururi, tururin ya kumbura kwaɓin ya bar rami, ragowar kuma fulawa ta shanye. Abin da mai ne zalla ba ya tururi, narkewa kawai yake yi ya zauna a inda kika ajiye shi. Da wannan ma'aunin nake auna duka huɗun.

Don gwajin ya yi adalci, kwaɓi ɗaya nake amfani da shi. Bota giram 225, suga mai ruwan ƙasa giram 200, farin suga giram 80, ƙwai biyu, fulawa giram 380, bekin soda cokalin shayi ɗaya, gishiri cokalin shayi ɗaya, cakulan giram 200, da ɗan banila. A buga bota da suga har su yi laushi, ba sai sun yi fari fat kamar na kek ba, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a zuba busassun kayan, a juya da muciya ko cokalin katako daidai yadda fulawar za ta ɓace, a daina. Wannan kwaɓin yana ba ni dunƙule 18 masu nauyin giram 65 kowanne, kuma kowanne yana ɗaukar ciki na giram 15, wato babban cokali ɗaya da bai cika tozo ba. Gishirin kada ki rage shi. Za ki ga kamar ya yi yawa, amma da cikin mai zaƙi ya shigo za ki gode masa. Batun banila kuma, mai tsadar da ake kawowa daga waje a 'yar kwalba baƙa yawanci da barasa ake tatso ta, don haka wadda ba ta so sai ta karanta jikin kwalbar ko ta nemi ta gari.

Bari in fara da Biscoff ɗin kwalba, tunda shi ne aka fi tambaya. Ranar da za ki yi aiki, ki shimfiɗa takardar gashi a faranti, ki riƙa ɗebo cokali-cokali kina ɗigawa, ki sa a firiza. Cikin awa ɗaya zai daskare ya yi tauri kamar alewa, ki ɗauke shi da yatsa ba tare da ya manne ba. Sai ki faɗaɗa dunƙulen kwaɓi a tafin hannu, ki sa shi a tsakiya, ki naɗe kamar yadda ake rufe bakin fanke mai nama, ki murza. Yana ba ki 'yan mintoci kafin ya fara saki, abin da ya ishe ki naɗe guda biyar ko shida, don haka kada ki fito da farantin gaba ɗaya, ki riƙa ɗebo kaɗan-kaɗan. A cikin obin yana narkewa ya bazu a tsakiyar kukis ɗin, in ya huce kuma ba ya komawa tauri, yana zama kamar yadda yake a kwalba. Ko bayan kwana uku kika raba, tsakiyar tana nan da laushinta. Wannan ne abin da sauran ukun ba su iya yi gaba ɗaya ba.

Ɗanɗanonsa na ƙonannen suga ne da ɗan ƙamshin girfa, ba mai yawa ba. Yana tafiya da cakulan ba tare da sun yi kishi ba, domin kowa da launinsa, kowa da muryarsa: in aka raba kukis ɗin ana ganin ruwan zuma a tsakiya da baƙin ɗigo a gefe. Ga mai sayarwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, hoton ne ke jawo ciniki.

Iri biyu ne a kanti, mai santsi da mai ɓarɓashi. A kan burodi na fi son mai ɓarɓashin, amma a cikin kukis mai santsin ne gwani. Ɓarɓashin yana hana shi zubowa, kuma zuwa washegari ya sha danshin kwaɓin ya daina ƙaras-ƙaras, kin biya kuɗin abin da ba za ki samu ba ke nan. Kwalbar mai santsi giram 400 ce, in kika raba da 15 za ki samu kukis 26, wato kusan kwaɓi ɗaya da rabi. Ki yi wannan lissafin da farashin da kika saya kafin ki faɗa wa kowa kuɗin dozin, domin a nan ne matsalar Biscoff take. Kayan waje ne, farashinsa na bin dala, abin da kika saya watan jiya ba shi za ki tarar yau ba. Sau da yawa cikin kukis ɗin kaɗai ya fi bota da fulawa da ƙwan da suka lulluɓe shi tsada. Sannan ba ko'ina ake samunsa ba, sai manyan kantuna ko masu kawo kayan kek. In za ki saya, ki duba kwanan wata, ki kuma karkata kwalbar ki gani. In mai ya taso ya kwanta a sama da yawa, ta sha rana a wani wuri. Ana iya juyawa ya haɗe, amma in kika buɗe kika ji warin tsohon mai, babu dabarar da za ta ɓoye shi a cikin kukis.

Nutella ita ce mutane suka fi sani, kuma ita ce ta fi ba ni wahala. Kamfanin Ferrero na garin Alba a Italiya ya fito da ita a 1964. Ana tallarta da sunan hazal, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa wadda Turkiyya ta fi kowa nomawa, amma in kika karanta jikin kwalbar abu na farko suga ne, na biyu mai, hazal ɗin kashi 13 ne cikin ɗari. Sugan da ke cikinta ya haura rabin nauyinta, kusan giram 56 a kowane giram 100, alhali Biscoff bai kai giram 40 ba. A cokali ba a cika jin bambancin ba. A cikin kwaɓin da shi ma ya sha suga giram 280 ga cakulan a kai, ana ji sarai. Yara za su cinye su nemi ƙari. Babba kuwa yana cin rabi zai fara neman ruwa.

Babbar matsalarta ita ce saurin saki. Tana daskarewa a firiza, amma da ta taɓa hannu sai ta fara narkewa. Wata rana cikin watan Afrilu na karɓi odar dozin huɗu ta walima, uwar amarya ta ce lallai mai Nutella. Na ɗiga cokulana tun dare, na kwanta. Ashe wuta ta tafi tun kafin asuba. Da na buɗe firiza da safe sai na ga sun yi kamar sun daskare, na ce ai za su yi. Na farko na naɗe lafiya. Na biyu ya fara manne mini a yatsa. Kafin na kai na shida, tafin hannuna ya yi baƙi, bakin kwaɓin ya ƙi rufuwa saboda maiƙo ya shiga tsakani, ni kuma ina ta lallaɓawa ina toshewa da guntun kwaɓi kamar mai facin taya. Da na buɗe obin bayan minti goma, rabin farantin ya zama tafki, Nutella ta fashe ta gefe ta ƙone a kan takarda, ƙaurin ya cika gidan. Ƙanwata da ke taya ni ta leƙo ta ce, "Yaya, wannan kuma ai sai dai mu ci kayanmu." Haka aka yi, muka sake sabon kwaɓi da rana tsaka, na aika aka sayo ƙanƙara muka jera farantin a kai a cikin kula.

Ba laifin kwalbar ba ne, haka aka yi ta, don shafawa a burodi. Amma wadda za ta zaɓe ta ta san cewa tana buƙatar firiza mai sanyi na gaske, aƙalla awa biyu, da hannu mai sauri, da sanyin safiya. In an dace, zubowarta ta fi ta Biscoff kyau lokacin da kukis ke da ɗumi. In ya huce sai gefenta ya ɗan bushe ya yi kauri. Akwai kuma abin da ya shafi ido: cakulan a cikin cakulan, ba a bambance ciki da ɗigo. In dole sai Nutella, ni nakan rage cakulan ɗin kwaɓin zuwa rabi, in cire farin suga giram 30, in barbaɗa ɗan gishiri a sama. Wani lokaci ma in cire ɗigon gaba ɗaya, amma kin ga daga nan ya tashi daga kukis ɗin da muke magana.

To, tunda Biscoff biskit ne da mai, me zai hana a yi a gida? Tambayar da kowa ke yi ke nan da zarar ta ga farashin kwalba, ni ma na yi ta. Yawancin haɗin da ke yawo a intanet da madara ake yinsa, ta gwangwani ko ta ruwa, saboda ita ke sa biskit ya narke nan da nan ya yi santsi a bilenda. A kan burodi yana da daɗi. A cikin kukis kuwa ya koma ga maganar ruwan da na faɗa. Garin biskit ɗin ya riga ya sha madara, in ya shiga wuta sai ya sake gasuwa, ya fito kamar guntun kek mai danƙo a tsakiya, wani lokaci da rami a samansa. Babu zubowa ko kaɗan. Ga shi ba ya jure ajiya, a zafinmu kwana ɗaya ko biyu ne kin fara zullumi.

Wanda ya fi kusa da na kwalba shi ne wanda babu madara. Biskit giram 200 a niƙa shi sosai, a tankaɗe, a mayar bilenda, a riƙa zuba mai marar wari kaɗan-kaɗan, wajen giram 70 zuwa 80, da cokali biyu na suga na gari, da ɗan girfa da gishiri. Wannan yana daskarewa, yana narkewa, ba ya tururi. Inda ya gaza shi ne santsi. Injin kamfani yana niƙa har harshe ya daina jin ƙwaya, bilendar gida ba ta kai nan, kullum akwai ɗan yashi-yashi. Kada kuma ki ce za ki kai injin markaɗen unguwa, sai dai in kina son kukis mai ƙamshin tattasai da albasa. In da biskit ɗin Lotus kika yi, ɗanɗanon zai zo daidai, sai dai rangwamen kuɗin ba shi da yawa tunda shi ma kayan waje ne. In da biskit ɗinmu na kanti ne, irin na shan shayi, kuɗin zai sauka sosai, amma sai kin taimaka masa: ki ɗan gasa biskit ɗin a obin ya ƙara ja kafin niƙa, ki sa suga mai ruwan ƙasa maimakon fari. Zai yi daɗi, yaran gida ba za su bar ko ɗaya ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in sayar da shi da sunan Biscoff. Wadda ta taɓa cin na ainihi za ta gane a cizon farko, kuma irin wannan labarin ya fi na yabo saurin zagawa.

Saura gyaɗa, wadda na raina da farko na kuma dawo ina ba ta haƙuri. Haɗa gyaɗa da cakulan ba sabon abu ba ne, Amurkawa suna cin alewar Reese's tun 1928, kuma ba komai ba ce illa markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai suga da gishiri a cikin cakulan. Mu da gyaɗa ke kwance a kowace kasuwa, abin kunya ne a ce sai mun jira kwalba daga waje. Sai dai tunkuza zalla ba ta yi. In kika ɗura ta haka, manta zai fita ya jiƙa kwaɓin, ƙasan kukis ya yi maiƙo, tsakiyar ta bushe ta manne a dasashi. Gyaranta shi ne ki ɗauki giram 150, ki zuba suga na gari giram 50, bota babban cokali ɗaya, da gishiri ɗan yatsa biyu, ki murza. Nan take za ta haɗe ta zama kamar kwaɓi, ki mulmula ta da hannu.

Ki lura da abin da na ce: da hannu, ba firiza. A cikin huɗun nan ita kaɗai ce ba ta jiran wuta. Ranar da aka kwana babu lantarki, ko ga wadda ba ta da firiza sam, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Ba ta fashewa, ba ta ɓata faranti, kuma ko a tukunya da yashi kike gashi za ta jure, alhali Nutella a tukunya neman rigima ne saboda zafin daga ƙasa yake bugowa. Abin da ba za ta ba ki ba shi ne zubowar nan ta hoto. Tana zama da laushi, amma a dunƙule, kamar cikin alewa. Ɗanɗano kuwa, in aka haɗa ta da cakulan mai ɗan ɗaci, ni a bakina ta fi sauran. Ba ta gundura, mutum zai ci biyu bai ji zaƙi ya hau masa kai ba.

Ki soya gyaɗarki da kanki, ko ki saya wurin wadda kika yarda da ita. Ki tsince ta da kyau kafin suya, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki jefar, ɗaya tak tana iya sa kwano guda ya yi ɗaci, ban da illar da take yi wa lafiya. Suyar ta yi ja amma kada ta ƙone. A nan ne kuma mazarƙwaila ke shigowa. Suga mai ruwan ƙasa na kanti yana da tsada kuma ba kullum ake samu ba, mazarƙwaila kuwa 'yar'uwarsa ce, ruwan rake ne da aka dafa ya daskare. In kika goge ta a magogi ta yi laushi, kika tsince duk wani tsakuwa ko ɓawon rake, za ta iya maye rabin sugan mai ruwan ƙasa a kwaɓin. Da Biscoff ban cika son ta ba, domin dukansu ɗanɗanon ƙonannen suga ne, sai su taru su yi nauyi. Da gyaɗa kuwa kamar don juna aka yi su, kukis ɗin yana fitowa da wani ɗanɗano mai tuna wa mutum kantun gyaɗa na ƙofar makaranta.

Akwai abin da ya wajaba mai sayarwa ta tambaya kafin ta karɓi oda. Wasu jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa, kuma abin kan yi tsanani, musamman ga yara. Nutella ma tana da hazal da madara. Biscoff ba a sa masa gyaɗa ko dangin ta ba, alkama da waken suya ne a ciki, don haka in taro ne da ba ki san masu ci ba, ya fi kwanciyar hankali, muddin ba ki yi aikinsa da cokali ɗaya da na tunkuza ba.

Cakulan ɗin da za ki zuba a kwaɓin shi ma yana bin abin da ke ciki. Da Biscoff da Nutella mai ɗaci ya kamata, wanda koko, wato ƙwayar da ake yin cakulan da ita, ya kai rabi ko ya fi, don ya rage zaƙin. Cakulan mai madara a kan Biscoff zaƙi ne a kan zaƙi. Ƙananan ɗigo na leda sun fi sassaren sanda a wannan aikin, duk da cewa a kukis marar ciki sandar na fi so. Dalili kuwa, babban guntu in ya faɗo daidai inda bangon kwaɓin ya yi siriri, yana narkewa sai ya buɗe ƙofa, cikin ya bi ta nan ya fita. Sannan cakulan na ainihi yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34, mu kuwa a bazara muna haura 40. Shi ya sa masu kayan kek suka fi sayar da wanda aka yi da man kwakwa maimakon man koko. Yana jure zafi, yana da sauƙin kuɗi, amma yana barin wani maiƙo kamar kakin zuma a saman baki. In kin kashe kuɗi kin sayi Biscoff, kada ki ƙarasa da irin wannan, asarar kwalbar ce. Haka batun bota. Ta madara ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba, amma tana bazuwa da wuri. Majarin ɗin bokiti ya fi riƙe siffa a zafi. Ni rabi da rabi nake yi in oda ce mai yawa.

Kowanne kika zaɓa, bayan kin naɗe ki mayar da dunƙulen cikin sanyi na aƙalla minti talatin, ki kuma mulmula su da tsayi kamar ƙwai a tsaye, ba a baje ba, wajen rufin yana ƙasa. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 180, minti 12 zuwa 14. Ki sauke lokacin da gefen ya yi ja tsakiyar kuma tana kamar ba ta gama ba. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ƙara minti biyar don tsoron ɗanye, su fito da abin da ya bushe ciki da waje. Zafin farantin ne zai ƙarasa shi. Ki bar shi minti goma sha biyar kafin ki taɓa, in kika ɗaga da wuri gindin zai ɓalle ya bar miki cikin a kan takarda. Yawancin obin ɗin gas namu lambar jikinsu ba ta faɗin gaskiya, don haka ki fara gasa guda biyu ki gani kafin ki jefa faranti guda.

To wanne za a ɗauka? In kina da wuta ko sola mai riƙe firiza, kuma masu sayenki irin waɗanda ke tambayar abu da sunansa ne suna kuma biya, Biscoff mai santsi na kwalba za ki saya, ba na ko tantama. Shi ne ya fi sauƙin aiki a cikin masu zubowa, shi ne ke kwana uku bai canja ba, shi ne kuma ake aikawa wani gari a mota ya isa da mutuncinsa. Ki sa kuɗinsa a farashi ba tare da jin kunya ba. In don gida ne, ko kasuwarki ta masu lissafin canji ce, ko wutar unguwarku sai an ga dama, gyaɗa ce taki, kuma ba wai don babu yadda za a yi ba. Na gida mai biskit da mai na ajiye shi don ranar da yara suka matsa kwalba kuma ta ƙare. Nutella kuwa sai wanda ya nace, shi ma sai in lokacin hunturu ne, in tashi da asuba in gama naɗi kafin rana ta fito.

A Sallar da ta wuce faranti biyu na yi, ɗaya Biscoff ɗaya gyaɗa, kuma tunda daga waje kamarsu ɗaya, sai na danna ɓarin gyaɗa a saman na tunkuza, na barbaɗa garin biskit a kan ɗayan. Baƙi matasa suka yi wa na Biscoff rubdugu suna ɗaukar hoto. Da yamma na ga Hajiya, surukata, ta jawo farantin gyaɗar gabanta, ta ci ɗaya da shayi, ta naɗe uku a gefen mayafi ta ce na Alhaji ne.